Mantuwa da Duniya Biyu: Yadda Za Ka Gina Labarin Matasa Daga Ƙasar Ƙetare

A cikin labaran da matasanmu ke bugawa a waya suna turawa zaurukan WhatsApp babi-babi, akwai wani zubi da ke yawan dawowa. Yarinya za ta farka ba ta san ko ita wace ce ba, can gaba sai ta gano akwai wata duniya jingine da tamu, kuma abin da ta manta yana can. Zubi ne mai kama zuciyar ɗan shekara 15, domin a wannan ƙadamin shi ma abin da ke cin ransa ke nan: ban da "ɗan gidan wane" da ake kirana, ni wane ne? Sai dai yana saurin wargajewa a hannun mai shi. Marubuci zai taso da ƙarfinsa har babi na goma, daga nan zaren ya harɗe masa, sai ya kawo wani tsoho mai farin gemu ya zaunar da jarumar ya zayyane mata tarihinta kaf a shafi uku. Mai karatu ya yi tsaki ya ajiye waya. Abin da ke jawo haka shi ne an fara rubutu tun kafin a san me aka manta, me ya sa aka manta shi, kuma wace doka ce ke tafiyar da ɗaya duniyar. Wannan jagora ta marubucin da ke zaune a Ƙetare ce, ko Ƙanƙara, ko Faskari da Sabuwa, wanda ke son ya gina irin wannan labari da ƙasar da yake takawa kullum.

Gonar gado za ka shiga, don haka ka san waɗanda suka riga ka sara a cikinta. A gasar rubutu ta 1933 da Rupert East ya shirya daga Zariya, biyu daga cikin littattafan da suka yi fice na malaman da ke koyarwa a Katsina ne, wa da ƙane. Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja, wanda jaruminsa sai da ya shiga hurumin aljanu kafin ya samo ruwan da ya fita nema. Wansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, mayaƙin da ya bar fagen yaƙi da Turawa ya faɗa ƙasashen aljanu, ya dawo bayan shekaru ya tarar ƙasarsa ta sake kama. Ahmadu Ingawa ya zo da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969. A zamanin adabin kasuwar Kano, Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun ci gaba da buɗe wa masu karatu duniyoyin da ba a taɓa gani ba. Amma ka lura, jaruman waɗancan tsofaffin littattafai da hankalinsu suke tafiya, da shi suke dawowa, har su zauna su ba da labari tiryan-tiryan. Wanda ya dawo bai san inda ya je ba, nan ne filin da ya rage maka.

Idan kana karanta Turanci, ka nemi littafin Amos Tutuola na 1954, My Life in the Bush of Ghosts. Yaro ne ɗan shekara 7 ya gudu daga harin masu kamun bayi, ya kutsa dajin fatalwowi, ya yi shekara 24 a ciki. Da ya fito danginsa ba su shaida shi ba, sai da ya rera wata waƙa ta ƙuruciyarsu. Ban san wani littafi da ya fi wannan kusa da halin da yaran yankinmu suka sani ba.

Littafi biyu kafin babi na farko

Sayi littattafan rubutu guda biyu. A na farko za ka rubuta gaskiyar abin da ya faru, daga farko har ƙarshe, bisa jerin kwanaki, babu ado babu ɓoye-ɓoye. Wannan littafin naka ne kai kaɗai, ba wanda zai gan shi. Shafi biyar zuwa goma sun isa. Muddin ba ka iya cika shi ba, kada ka taɓa babi na farko, domin ba za ka iya ɓoye wa mai karatu abin da kai kanka ba ka sani ba.

Bari mu ƙirƙiri misali da za mu yi aiki da shi. Hinde, 'yar shekara 15, an tsince ta da asuba kwance a bakin wani tsohon ramin haƙar farar ƙasa, irin waɗanda aka san ƙasar Ƙanƙara da su. Kwana uku ke nan ana nemanta ita da ƙanenta Sule, ɗan shekara 9. Ita kaɗai aka gani. A littafinka na farko ka riga ka rubuta cewa tare suka faɗa ɗaya duniyar, cewa mai tsaron mashiga ya riƙe Sule jingina, cewa Hinde ta yi alkawarin za ta dawo da wani abu ta fanshe shi, kuma cewa kuɗin fiton da aka karɓa a hannunta kafin ta fito shi ne duk abin da take tunawa game da mutumin da ta fi so. Ta biya ba ta san abin da za a ɗauka ba. Yanzu ga ta a gida, ta san Inna, ta san hanyar rijiya, amma ba ta san ta taɓa yin ƙane ba, balle alkawari.

A littafi na biyu sai ka ja layi ka raba kowane shafi gida huɗu: lambar babi, abin da Hinde ta sani a wannan babi, abin da mai karatu ya sani, da abin da mutanen gari ke faɗa. Duk babin da za ka rubuta, ka cika layinsa tukuna. Idan gida na biyu da na uku suka yi babi huɗu ba su motsa ba, labarinka ya tsaya cak ko da ana ta gudu da faɗa a cikinsa. Mafi daɗin karatu shi ne mai karatu ya riga jarumar da taki ɗaya kawai, ya hango abin da ke gabanta, zuciyarsa ta riƙa bugawa yana jiran ta gani.

A garinmu ba a ɓacewa

Gida na huɗun nan, na maganar mutanen gari, shi ne dukiyar da marubucin Landan ko New York ba shi da ita, kuma a kansa nake so ka fi daɗewa. A littattafan Turawa, wanda ya manta kansa yakan farka shi kaɗai a ɗakin asibiti ko cikin baƙin da ba su san shi ba, kamar yaron The Maze Runner na James Dashner da ya fito a 2009, wanda bai tuna komai ba sai sunansa. A Ƙetare haka ba za ta yiwu ba. Kafin hantsi, mai shayi da mai faci da matan da ke dawowa daga niƙa duk sun san an ga 'yar gidan wane. Kowa ya san sunanta, da na kakanta, da ranar da aka yi sunanta, da wanda ke zuwa zance wurinta. Saboda haka tambayar labarinka ta sauya. Hinde ba za ta sha wahalar neman sunanta ba. Wahalarta ita ce mutum goma za su gaya mata ko ita wace ce, kuma bakinsu ba zai zo ɗaya ba.

Ka ba kowane ɗayansu dalilinsa. Inna tana rage mata labari don tausayi. Kawu yana so a yi shiru don kada maganar ta hana ta miji. Kishiyar Inna ta ce ai dama yarinyar ba ta shiri da ƙanen nata. Ƙawarta ta san wani sirri, amma faɗarsa zai tona nata asirin. Malamin da aka kira ya yi mata ruƙya da zuciya ɗaya yake yi, kuma akwai abin da ya lura da shi wanda sauran ba su gani ba. Ba sai ka ƙirƙiro mugu mai jajayen idanu ba; masoya masu ɓoye gaskiya sun fi shi riƙe mai karatu. Ga yadda irin wannan fage zai iya buɗewa:

"Hinde, ɗiyata, dube ni nan. Ina kika baro ƙanenki?"

"Wane ƙane, Inna?"

Goggo ta saki kofin da ke hannunta. Kawu, daga bakin ƙofa, ya ce a ƙyale yarinya ta huta, kuma kada wanda ya fita da wannan magana zaure.

Layuka kaɗan ne, amma an kafa asarar, an kafa zargin da zai bi ta, an kuma nuna wanda zai fara rufa-rufa.

Mantuwar da likita ba zai ƙaryata ba

Ko da sihiri ne ya ɗauke tunanin jarumarka, mai karatu zai fi yarda idan mantuwar ta yi kama da ta gaske. Likitoci sun bambanta iri biyu. Akwai wanda ya rasa abin da ya wuce kafin ciwon ya same shi, akwai kuma wanda ya kasa riƙe sabon abu bayan ciwon. Tun a 1881 Bafaranshe Théodule Ribot ya lura cewa abin da ya faru kusa shi ke fara gushewa, na ƙuruciya ya fi jurewa. Henry Molaison, wani Ba'amurke da aka yi wa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1953 saboda farfaɗiya, ya rayu sauran shekarunsa ba ya riƙe sabon abu. Duk da haka, da aka riƙa sa shi bin zanen tauraro da alƙalami yana kallon hannunsa ta madubi, kullum ƙara ƙwarewa yake yi, alhali bai tuna ya taɓa gwadawa ba. Clive Wearing, masanin kiɗa a Ingila wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya kama a 1985, yakan manta abin da aka gaya masa cikin daƙiƙoƙi, amma yana kaɗa fiyano, kuma duk sanda matarsa ta shigo yakan tarbe ta da murna.

Darasin da ke nan babba ne ga marubuci: hannu da ƙafa da zuciya suna riƙe abin da kai ya saki. Hinde za ta tuƙa tuwo, ta karanta ƙananan surorinta, ta ɗaura zane yadda ta saba. Za ta zuba abinci kwano biyu, ta tsaya tana kallon na biyun ba ta san na wane ne ba. Idan ta ji yara na wasan langa a waje ƙirjinta zai yi nauyi babu dalili. Sannan ka juya abin: hannunta ya iya wani ƙulli ko wata saƙa da ba wanda ya taɓa gani a garin. Ita ba ta san inda ta koya ba, mai karatu kuwa ya fara zargi.

Abu biyu ka guje musu. Na farko dabarar finafinan Indiya, inda dukan kai ke ɗauke tunani, duka na biyu ya dawo da shi. Bugu na biyu ƙarin rauni ne kawai, kuma masu karatunka sun gaji da ganinsa. Na biyu shi ne a kai ƙarshe a ce ashe duk mafarki ne. Wanda ya ba ka kwanakinsa yana bin Hinde bai cancanci haka ba.

Mashiga, kuɗin fito da lissafin kwanaki

Mashigar ɗaya duniyar ta zama wuri guda, sananne, wanda mai karatu zai iya wucewa ta gefensa gobe ya waiwaya. C. S. Lewis ya yi amfani da akwatin rataye tufafi a littafinsa na 1950, Lewis Carroll kuma da ramin zomo a 1865, domin su ne abubuwan da yaran Ingila suka sani. Kai kana da kogon kuka, da gindin tsamiyar da manya ke hana zama da tsakar rana, da rijiyar da aka daina ɗiba, da kufan ƙauyen da mutanensa suka tashi, da rumbun da ba a buɗe ba tun rasuwar mai shi. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Ka yanke lokacin da take buɗewa, da wanda take buɗe wa, ka rubuta a littafi na farko, kuma kada ka saɓa ko da labarin ya matse ka. Ranar da ka buɗe mashiga don kawai jarumarka ta tsira, ranar mai karatu zai daina jin tsoro dominta.

Kowace shiga da fita ta kasance da farashi, kuma a irin wannan labari farashin ya fito daga jikin mantuwar. A nan ne rabin labarin biyu ke haɗuwa su zama abu ɗaya. A fim ɗin Spirited Away na Hayao Miyazaki, na 2001, mayyar da ke mulkin gidan wankan iskoki takan ƙwace sunan duk wanda ya shiga yi mata aiki, wanda kuma ya manta sunansa ba ya samun hanyar gida. A namu misalin, duk fitowa sai an karɓi tunanin mutum ɗaya. To idan Hinde ta koma ta ɗauko Sule, wa za ta manta a fitowa ta biyu? Shi kuma Sule wa zai manta? Ka ga ƙarshen littafinka ya fara tsirowa daga dokar da ka kafa, ba sai ka nemo shi daga waje ba.

Sai lokaci. Mai karatunka ya san ƙissar Ashabul Kahfi tun yana makarantar allo: shekara 309 a kogo, su kuwa suna zaton yini ne ko wani sashensa. Abin koyi ga marubuci a ƙissar shi ne ɗan ƙaramin abu na hannu, wato kuɗin azurfar da aka aiki ɗayansu sayen abinci da shi, wanda malaman tafsiri suka ce shi ya tona tsawon zamanin. Ka nemo irin wannan shaida. A ce kwana ɗaya a Ƙetare wata ɗaya ne a can. An yi wa Hinde lalle na biki daren da za ta ɓace. Bayan kwana uku aka tsince ta, jan lallen ya tafi can bakin farce, sabon farce fari ya fito a ƙarƙashinsa. Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta san wannan aikin watanni ne. Goggo ce za ta kama hannun ta duba, ta yi shiru.

Yi lissafin nan da alƙalami, domin shi ne bulalar da za ta kora labarin. Kwana 12 a gida shekara guda ce a wurin Sule. Idan Hinde ta kai kwana 72 ba ta tuna ba, yaron da ta bari yana da shekara 9 zai kamo ta, ya zama ɗan 15. Ta ƙara jinkiri, ya girme ta. Ranar da za su haɗu, wa zai kira wani Yaya? Saurayin da ya yi shekara shida yana jiran alkawarin da ba a cika ba, da wace fuska zai tarbe ta?

Duniyar can

Kada ka cika ta da gidajen zinariya da dawakai masu fukafukai. Ɗauki garinka ka sauya abu ɗaya tak, sannan ka bi abin da sauyin zai haifar har ƙarshensa. A ce a kasuwar can ba a ciniki da kuɗi sai da abin da mutum ke tunawa. To attajirinsu shi ne wanda ya tara ƙuruciyar mutane a tulu, matalaucinsu kuma wanda ya sayar da komai har bai san 'ya'yansa ba. Wane ne alƙali a irin wannan gari, tunda shaida na iya sayar da abin da ya gani? Yaya ake biyan sadaki? Me ake yi wa mamaci? Me suke nomawa, wa suke tsoro? Ka amsa waɗannan a littafi na farko ko da kashi ɗaya cikin goma ne kawai zai shiga labarin. Masu bori ma da suka siffanta Jangare, birnin iskoki, ba su bar shi a hargitse ba: gidaje goma sha biyu ne, da sarki da fadawa da malami da auratayya a tsakaninsu, kamar yadda Fremont Besmer ya tattara daga bakin 'yan borin Kano a littafinsa na 1983. Tsarin shi ne abin dubawa a nan.

Kuma lallai duniyar can ta mallaki abin da jarumar ke ƙishirwarsa. Idan wuri ne na azaba zalla, babu wani zaɓi a gabanta, gudu kawai za ta yi. Amma a ce a can ana zuwa gona mai nisa a dawo da magariba ba fargaba, ana kwana a tsakar gida lokacin zafi, masara da auduga sun yi kyau kuma mai gona ne ke girbe abinsa ba tare da ya biya kowa ba. Yaron Faskari ko Sabuwa da ya karanta wannan zai fahimci dalilin da zai sa Sule ya ce shi ba zai dawo ba.

A kan addini ka taka a hankali, don girmamawa, kuma don labarin ya samu shiga gidaje. Masu karatunka sun yi imani da samuwar aljanu, ba abin wasa ba ne a wurinsu. Ya fi maka sauƙi ka ƙirƙiro halittunka da sunayensu da dokokinsu. Kada ka mayar da barzahu ko lahira filin yawon jarumai, kada ka sa magana a bakin annabi ko mala'ika, kada kuma nasarar ƙarshe ta fito daga hannun boka. Wannan bai hana ka tambayoyi masu daɗi ba. Hinde Musulma ce. A ƙasar da rana ba ta faɗuwa yadda ta saba, yaya take gane lokacin salla, ina take fuskanta? Yarinyar da ke ƙirga sallolinta da tsakuwa don kada kwanaki su ɓace mata ta fi mai takobin wuta zama a ran mai karatu.

Ciwon da ke kusa

Ba za ka rubuta labarin yaran da suka ɓace a wannan yanki ka yi kamar ba ka san abin da ya faru ba. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako 344 ranar 17 ga watan. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sai a Disamba aka fara maido su. Mutanen nan sun san yadda ake zama a duniyar da sauran jama'a ba sa jin muryarta. Yaran da aka kwashe a wancan dare yanzu samari ne, wataƙila wasunsu na cikin zauren da za ka tura labarinka.

Amfanin labarin ƙirƙira shi ne yana barin mutum ya dubi abin da ke masa ciwo daga ɗan nesa. Yaran Lewis ma gudun ruwan bama-bamai aka kai su ƙauye daga Landan kafin su ga akwatin tufafin nan. Amma wannan dama tana da haƙƙi. Kada ka ɗauki labarin maƙwabcinka ka sauya suna kawai ba tare da izininsa ba. Kada ka zana miyagun duniyar can da kama ko harshe ko tufafin wata ƙabila, domin ƙiyayyar da ke ƙasa ta isa haka. Kada ka tsaya siffanta azaba dalla-dalla. Ɗan shekara 14 kake rubuta wa, kuma wanda ya gani da idonsa ba ya buƙatar a tuna masa. Ka ba da ƙarfinka ga abin da ke biyo bayan dawowa: kallon da ake yi wa wanda ya dawo, tambayoyin da ba ya son amsawa, nauyin da ke kan wanda ya tsira ya bar ɗan'uwansa. Idan wani mai karatu ya rubuto maka cewa shi ma yana firgita cikin barci, ko wasu kwanaki sun ɓace masa, ka saurare shi da mutunci, ka ƙarfafa masa gwiwar ganin likita. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, kuma babban asibitin da ke kusa da mai karatun zai iya tura shi inda ya dace.

Zaman rubutu

Tunanin jarumar ya riƙa dawowa gutsure-gutsure, kuma ta hanyar jiki: ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ɗanɗanon tsamiya, sautin turmi da asuba. Kowane gutsure ya sa ta aikata wani abu da ba za ta aikata ba jiya. Wanda bai sauya komai ba, cire shi. Ka sa guda ɗaya ya zo a karkace, ta tuna ta saki hannun Sule ta ɗauka ita ta yashe shi, sai can gaba ta tuna sauran, cewa shi ya fizge hannunsa don ta samu fita. Duk babban sirrin da za ka tona, ka tabbata ka binne alamarsa sau biyu ko uku a baya, a wurin da ido zai wuce bai tsaya ba.

Bakin jarumar, wato "na farka, na ga", shi ya fi dacewa da wannan zubi, domin mai karatu zai shiga duhun tare da ita. Sharaɗinsa shi ne ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ba za ta ce "ɗakin Sule" ba. Za ta ce ɗakin da kowa ke kauda kai idan ya wuce. A saman kowane babi ka rubuta kwanakin gida da na can gefe da gefe, misali kwana 24 a gida, shekara 2 a can. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai karatu barci.

Tunda a waya za a karanta, babi ya tsaya tsakanin kalma 1,200 zuwa 1,500, littafin duka kuma babi 30 zuwa 35 ya wadatar. Bayanin marubuci ya tafi da daidaitacciyar Hausa, amma ka bar mutane su yi magana da bakinsu na Katsinanci, su ce "mashi" da "ɗiyata" yadda ake faɗa a gida. Sa allon rubutun Hausa na Gboard a wayarka don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Shawarar da na fi nanatawa ita ce kada ka saki babi ko ɗaya sai ka gama littafin. Na san daɗin yabon zaure, amma wannan zubi sai an riƙa komawa baya ana dasa alamu, kuma babin da ya riga ya shiga wayoyi ɗari ba ya gyaruwa.

Da ka gama, tara matasa uku ko huɗu, maza da mata, ka karanta musu babi biyar na farko da baki, sannan ka tambayi kowa shi kaɗai me yake zaton ya faru da Sule. Idan duk suka canka daidai, ka buɗe da yawa. Idan ba wanda ya iya ko hasashe, ka rufe da yawa. Abin da kake nema shi ne su saɓa wa juna har su fara gardama. Ka ajiye kwafi a takarda, da memorin waya, da imel. Waya na faɗawa ruwa, dandalin intanet ma na rufewa, kamar yadda OkadaBooks ya rufe a 2023. 'Yan'uwa mata za su iya fara gwada ƙarfin labarin a gajarce a gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, kuma malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina ko ta Ahmadu Bello a Zariya mutane ne da ya kamata ka nemi idonsu a kan rubutunka kafin ka kai maɗaba'a.

Gyaran ƙarshe daga baya ake fara shi. Buɗe littafinka na biyu a babin ƙarshe, ka ɗauki kowane sirri da aka tona, ka bi shi baya babi-babi har inda ka fara binne alamarsa, ka rubuta lambar shafin a gefe. Sirrin da ka rasa shafinsa, koma ka dasa masa alama ko ka cire shi. Sannan ka sake lissafin kwanakin nan biyu da alƙalami tun daga babi na ɗaya, ka tabbata shekarun Sule a ranar haɗuwarsu sun yi daidai da kwanakin da Hinde ta yi a gida.